Kwana 19 a gado na uku: asibitin da na kwanta da faya ta fashe mini a wata na bakwai

Saura kwana goma Babbar Sallah, ga ɗinkin mutane kala 23 jibge a kan tabarma, faya ta fashe mini. A lissafin katin awo cikin yana da sati 31 da kwana 2. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ne, na tashi daga kan keke zan ɗauko zare, sai na ji ruwa mai ɗumi yana bin ƙafata har ƙasa. Babu ciwon mara, babu ciwon baya. Na ɗauka fitsari ne ya kufce mini, na ji kunyar kaina, na sake zane na koma na zauna. Kafin in gama kalmasar hannu ɗaya shi ma zanen ya jiƙe sharkaf.

Haihuwata ta uku ce, amma biyun farko a ɗakin haihuwa faya ta fashe, ana tsakiyar naƙuda, wata tara cif. Da aka taso Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta leƙo ta ce zaƙi ne, in kwanta zuwa safiya. Dama sati uku ke nan ina ganin farin ruwa mai ƙaiƙayi, kowa na ce mini zaƙi ne, ina ta ɗirkar jiƙo. Amma wannan daban yake. Ba shi da zarnin fitsari, ba shi da kauri, kamar ruwan da aka wanke shinkafa karo na uku, kuma duk motsin da na yi sai ya ƙara zubowa. Maigidan bai ce wa mahaifiyarsa uffan ba. Fita ya yi ya buga wa maƙwabcinmu mai Adaidaita ƙofa.

Tun da na koma kan keke bayan haihuwar, duk mai cikin da ta kawo ɗinki sai ta tambaye ni ko ta yanki kati a asibitin da na kwanta, ni kuma amsar ta fi ƙarfin "eh" ko "a'a". Asibitin kuɗi ne a cikin Kano, bene hawa ɗaya, gado takwas a ɗakin masu ciki. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai waɗanda zan yaba akwai waɗanda zan kushe, kuma dukansu a nan suke cin abinci.

Kusar ta fara tun daga bakin ƙofa. Mun isa ƙarfe biyu saura, ina tsaye ruwa na ɗiga a kan tayil, saurayin da ke teburin karɓar kuɗi ya ce sai an ajiye naira 100,000 kafin a kira kowa. Na'urar cirar kuɗinsu babu sabis. Maigidan ya tura ta waya, saƙon shigar kuɗi bai zo ba, saurayin ya ce shi dai sai ya gani da idonsa. Minti arba'in muka yi a haka. Ban ce kada su karɓi kuɗinsu ba, amma benci na nan, ɗakin dubawa na nan taku biyar, me zai hana a kwantar da mace a ci gaba da rigimar kuɗin da mijinta? Abin da ya raba gardamar shi ne fitowar babbar ungozomarsu, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama. Ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta kama hannuna ta ja ni ciki, ko kallon teburin ba ta yi ba.

Tambayarta ta farko ta ba ni mamaki. "'Yar nan, akwai wanda ya sa miki hannu tun da ruwan ya fara?" Na ce babu. Ta ce alhamdulillahi, ita ma ba za ta sa ba. Ni da na saba da zarar an shiga ɗakin haihuwa sai a sa safar hannu a auna buɗewa, sai na ga kamar ba a yi mini aiki ba. Ƙarfen nan mai kama da bakin agwagwa ta warware daga cikin ƙunshinsa, ta haska fitila, ta ce in yi tari. Ina yi ta ce ga shi nan yana fitowa daga bakin mahaifa. Sannan ta dangwali ruwan da wata 'yar takarda ruwan ɗorawa, ta ɗago ta nuna mini: ta koma shuɗiya. Ta ce ruwan gaban mace a kan kansa mai tsami ne, ba ya juya takardar, ruwan faya kuwa ba shi da tsami, awonsa a ma'aunin tsami ya ɗan haura 7, ƙasa da 7 ne mai tsami, shi ya sa ta rine. Amma ta ce ita ba ta yarda da takardar ita kaɗai ba, don jini ko maniyyi ko sabulu ko wani ciwon sanyin duk suna iya rina ta. Abin da ta gani da idonta lokacin tarin shi ne hujjarta. Ta ɗebi ruwan da fitsarina aka kai gwaji, aka yi sikan: ruwa ya ragu, kai yana ƙasa, zuciya na bugawa lafiya. Aka ba ni gado na uku, kusa da taga.

Da safe babbar likitar ta zo zagaye. Mace ce gajera, mai magana a hankali kamar ba ta da wasu marasa lafiya. Ban bari ta gama gaisuwa ba na jefa mata abin da ya hana ni barci, domin tun a Adaidaita Hajiya ke cewa ai ga irinta nan, mace da tsohon ciki ta kwana tana taka keke.

"Likita, don Allah ki gaya mini gaskiya. Keken ne?"

Ta ce wane keke? Na ce na ɗinki. Sai ta jawo kujera ta zauna, ta ce to, tunda tela ce ni aikinta ya yi sauƙi. Wannan zaman na minti goma sha biyar, in za a tambaye ni, shi ne abu mafi daraja da na saya a asibitin nan, kuma shi kaɗai ne bai fito a takardar kuɗi ba.

Ta kama gefen rigata ta juya cikinta. Ta ce faya ma haka take, yadi biyu ne a haɗe, kamar atamfa da shafinta. Na cikin, wanda ke taɓa ruwan da jariri, sunansa amniyon, na wajen da ke manne da bangon mahaifa shi ne koriyon. Su biyun a haɗe ba su kai kaurin milimita ɗaya ba. Na cikin ya fi siranta nesa ba kusa ba, ko jijiyar jini babu a jikinsa, amma shi ne mai ƙarfin, don an saƙa shi da wani zare da ake kira kolajin, irin wanda ke cikin fata da jijiyar nama. Na wajen ya fi kauri, ya fi miƙewa, amma bai kai shi juriya ba. Na ce kamar leshi mai kauri da aka yi wa shafi da yadi mai santsi, ka ja leshin ya ɓarke shafin na nan. Ta yi dariya ta ce to ni zan ci gaba da koyar da ɗalibanta.

Ta ce in lura da wani abu: ko'ina a cikin mahaifa faya jingine take da bango, bangon ne ke tare mata nauyin ruwa da na jariri. Wuri ɗaya ne ba ta da majingina, wato daidai saman bakin mahaifa, inda ƙofa take. Nan ne nauyi ke sauka, kuma duk yadda ƙofar ta ƙara buɗewa ko ta gajarce, haka fayar ke ƙara lumewa ciki tana ɗaurewa kamar fatar ganga. Ga kuma ɗan murɗawar da ciki ke yi yana saki a watannin ƙarshe, kowanne yana jan ta, ita kuma in an ja ta ba ta komawa daidai yadda take. Wannan ban buƙaci bayani ba. Duk wanda ya taɓa sa roba a ƙugun siket ya san yadda take komawa bayan wata shida.

Amma, in ji ta, ja kaɗai ba ya fasa faya mai lafiya, don an yi ta da ƙarfin da ya fi abin da ciki ke ɗora mata. Jiki ne da kansa ke sassauta ta in lokaci ya yi. Haihuwa na matsowa sai ya saki wasu sinadarai masu cin zaren kolajin a daidai wurin nan na saman ƙofa, wurin ya yi laushi ya sirance, yadda naƙuda na zuwa a nan za ta yage. Na ce kamar yadda muke ɗan tsaga bakin yadi da almakashi kafin mu ja shi ya tsage a miƙe. Ta ce haka ne, sai dai ni an yi mini tsagar tun saura wata biyu. Masu yin wannan tsagar kafin lokaci suna da yawa: ƙwayoyin cuta da ke hawowa daga gaba, don jiki wajen faɗa da su yana sakin sinadaran nan masu cin zare, zubar jini a cikin ciki, don jinin da ya kwanta a bayan faya shi ma yana cinye ta, tagwaye ko yawan ruwa da ke cika mahaifa fiye da kima, gajeren bakin mahaifa, shan taba, da kuma wadda abin ya taɓa samunta a wani cikin. "Malama tela," ta ce, "bari gwaji ya fito. Amma keke ba ya cikin lissafina."

Kwana biyu bayan nan gwajin ya fito, da ƙwayoyin cuta a fitsarin da kuma ruwan da aka ɗiba. Abin da na yi sati uku ina kira zaƙi ina sha masa jiƙo, shi ne ke zaune yana cin zare. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa. Na je awo sau biyu a cikin satuttukan nan, a wani wurin daban, ban faɗa ba don ina jin kunya, su ma ba su tambaya ba.

Na tambaye ta ko ana ɗinkewa, ko a yi mata faci. Ta ce wadda ta fashe da kanta irin tawa ba a cika ganin ta haɗe ba. Abin da ke taimako shi ne ruwan ba ƙarewa yake yi gaba ɗaya ba, domin a watannin ƙarshe yawancinsa fitsarin jaririn ne, yana yi yana haɗiya yana sake yi. Saboda haka zan ci gaba da zuba har ranar haihuwa, kada in tsorata. Aikinsu yanzu saye wa jaririn kwanaki ne: kowace rana a ciki riba ce ga huhunsa, amma ƙofa a buɗe take ga cuta, ranar da cutar ta shiga kuwa zaman ya ƙare. Ta ce kusan rabin matan da wannan ya samu suna haihuwa cikin sati ɗaya. Ta kuma faɗa mana a gaban maigidan, ba ɓoye-ɓoye, cewa kwalbar jarirai biyu kawai gare su, in naƙuda ta zo kafin sati 32 gara su tura ni Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da jaririn yana ciki a kan su tura shi a hannu. Asibitin kuɗi ya faɗi iyakarsa da bakinsa, wannan na ba su maki a kai.

Maganin kansa ba shi da yawa. Allurar deksametason guda huɗu, kowace bayan awa 12, don huhun jariri ya yi saurin nuna, kuma tana da zafi kamar an soka barkono. Sai ƙwayar eritromaisin, miligiram 250, sau huɗu a rana har kwana goma, wadda ta dinga murɗa mini ciki har na riƙa zaton naƙuda ce. Sai awon zafin jiki da bugun zuciyata da na jariri duk bayan awa huɗu, da duba audugar da nake sawa, launi da wari. Ƙanwata da ke makarantar koyon aikin jinya ita ta kwana da ni, kuma ita ce irin mutanen nan da ba a ba su magani su sha sai sun bincika a waya. Ita ta karanto mini cewa allurar nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada ta a ƙasashe biyar, Najeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladash, aka fitar da sakamako a 2020 cewa tana rage mutuwar bakwaini. Ita ta gano cewa wurin nan mai laushi na saman ƙofa wasu masu bincike biyu ne, Malak da Bell, suka bayyana shi a birnin Lesta na Ingila a 1994. Na ce mata ashe sai 1994 aka gano abin da kowane tela ya sani, cewa wando a gwiwa yake mutuwa.

Karatun nata ya yi rana a Asabar ɗin farko. Babbar likita ba ta zuwa ƙarshen mako, wani saurayin likita ake ɗaukowa ya riƙe musu. Ya zo da fara'arsa, ya duba fayil sama-sama, na ce masa marata na ɗan ciwo, sai ya ce a ba shi safar hannu ya ji ko na buɗe. Har ya sa hannu ɗaya a safar. Ƙanwata ta miƙe tana in-ina, Allah ya kawo Mama ta shigo da tiren magani. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Likita, gado na uku faya ce, ba naƙuda take ba. In dubawa za a yi bari in kawo ƙarfe." Ya cire safar. Da zai fita ya ce a canja mini ƙwayar tunda tana damun cikina, a ba ni amoksisilin mai haɗe da kilabulanet. Mama ta ce sai ta kira babbar likita tukuna, kuma ba a canja ba. Daga baya ƙanwata ta nuna mini dalili: wani babban gwaji da ake kira ORACLE, wanda aka buga sakamakonsa a 2001, ya nuna wannan haɗin yana ƙara wa bakwaini haɗarin wani mugun ciwon hanji, shi ya sa aka tsaya a kan eritromaisin. Yatsa kuwa, ko da safa, tura ƙwayoyin cuta yake yi daga ƙofa zuwa ɗaka, yana kuma gajarta kwanakin da ake ƙoƙarin saya. Ban riƙe saurayin a zuciya ba. Asibitin na riƙe, da ya ɗauko mutum ya ba shi ɗaki cike da mata ba tare da an zaunar da shi an gaya masa wace ce wace ba. Da Mama na hutu ranar fa?

Yanzu banɗaki. An gaya mini babban maƙiyina cuta ce, aka kuma haɗa ni banɗaki ɗaya da mata bakwai da masu jinyarsu. Famfon ciki bai kawo ruwa ba ko sau ɗaya a kwana 19. Wani shuɗin bokiti ne ake cikawa da safe, da buta ɗaya ta kowa da kowa, kafin la'asar ya ƙare. Sai da maigidan ya sayo mini bokitina da butata, yana kawo ruwa a jarka daga gida kamar mai zuwa gona. Naira 12,000 ake biya kuɗin gado kowane dare. Janareto kuma ƙarfe goma sha biyu ake kashe wa ɗakinmu, a bar wa ɗakin tiyata da na jarirai, ga zafin farkon damina, ga sauro, ga ni a kan leda. Abinci ba sa bayarwa, wannan bai dame ni ba, na gida ya fi. Magani kuwa a kantinsu ya kusa ninka na kemis ɗin da ke tsallaken titi, kuma ba sa so ka sayo a waje.

Na yi Sallah a gado na uku. 'Yan dubiya suka cika ɗakin da ƙamshin soyayyen nama, wata gwaggon maigidan ta zo da wani ƙulli ta ce a matsa a gaba, yana "rufe mahaifa". Mama ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce za ta ajiye mini sai bayan arba'in. Rubutun da Hajiya ta kawo kuwa ta ce in sha abina, ba ruwanta da abin da ya bi ta baki, ƙasa ce dai ta haramta, ko ruwan zafi kada in zauna a ciki. Ban taɓa ganin wanda ya iya hana mutum abu ya bar shi da mutuncinsa kamar matar nan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne nas ɗin dare. Su biyu ne ke karɓa-karɓa. Ɗaya ba ta da laifi, ƙarfe biyu da ƙarfe shida za ta tashe ka ko kana mafarkin Makka. Ɗayar, a dare na goma sha biyu ƙanwata ta duba takardar da ke rataye a ƙafar gado da asuba, ta ga an rubuta zafin jikina 36.8 a ƙarfe biyu, alhali mu biyun idonmu biyu a lokacin, ba wanda ya shigo. Da aka yi mata magana sai ta ce ta leƙo ta ga ina lafiya. Ido ba mudu ba ne, ya san kima, amma ban taɓa jin ya san 36.8 ba. Mun kai ƙara, an ba mu haƙuri, an ce za a yi mata magana, kuma ta ci gaba da kwana da mu. Washegari maigidan ya sayo ma'aunin zafi a kemis, ƙanwata ta buɗe shafi a bayan littafinta.

Wannan ma'aunin na kemis shi ya kama zazzaɓin. Dare na goma sha tara, ƙarfe huɗu na asuba, na ji sanyi-sanyi, ƙanwata ta auna ta ga 38.1. Ta je ta taso nas, aka sa na'urar jin zuciyar jariri, tana bugawa sama da 170 a minti ɗaya, alhali an ce mana daga 110 zuwa 160 ne daidai. In an danna cikina sai in ji zafi, ruwan kuma ya sauya wari. A nan kam ba su yi wasa ba. Kafin a kira assalatu babbar likita ta iso da hijabin sallarta, ta ce ciniki ya ƙare, sati 34 cif, yau za a fito da shi. Aka sa mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka ɗaura ruwan naƙuda. Awa bakwai na yi. Mace ce, kilo 2.1, ta fito da kukanta siriri kamar na 'yar kyanwa, amma da kanta take numfashi.

Kafin a naɗe mabiyiya a ba maigidan ya kai gida a binne, na roƙi Mama ta nuna mini fayar. Ta dube ni kamar ta ce ba ki da hankali, sannan ta sa mini safar hannu ta matso da tasar. Gani ya kori ji. Ta ɗaga ta sama kamar jakar leda da aka zazzage, ga ramin da yarinyar ta fito. Ta sa babban yatsa da manuni ta murza gefen, sai ga shi ta rabu biyu, sululu, kamar an ɓare shafi daga riga. Na wajen ja-ja ne, mai kauri, mai ɗan kaushi, na ja shi kaɗan ya yage kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na cikin kuwa siriri, mai santsi, ina hango yatsana ta bayansa. Na ja, ya miƙe. Na ƙara ja, ya ƙi. Sai da na naɗe shi a yatsa na sa ƙarfi kamar zan tsinke zaren lilo sannan ya bari. Mama ta kai hannuna bakin ramin ta ce in taɓa nan, in taɓa can kusa da mabiyiya. Ba sai an gaya mini ba, hannuna ya san yadi: na bakin ramin ya mutu, ya yi laɓo-laɓo, na can sama kuwa da sauran ransa. Ta ce lafiyayya garau take kamar gilashi, tawa ta yi dishi-dishi, alamar cutar ta riga ta shiga. Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki, ban taɓa riƙe abu mai sirantar nan da ƙarfin nan ba.

Yarinyar ta yi kwana biyar a ɗakin jarirai ana yi mata allurai, kwana biyu kawai a kwalba. Sauran a ƙirjina ta yi su, tsirara daga ita sai hula da kunzugu, an ɗaure mu da zane, fata da fata. Ɗakin jariran nan tsaf yake, da ruwa da sabulu a bakin ƙofa, ba mai shiga da takalmi, wuta ba ta ɗaukewa. Har yanzu na kasa gane yadda asibiti ɗaya yake da wannan ɗakin a sama da wancan banɗakin a ƙasa.

Kuɗi gaba ɗaya ya tasar wa naira 640,000, kuma sai da maigidan ya yi zuwa uku kafin a ba shi takardar da aka rarrabe me aka biya wa me. Da aka rarrabe sai ga sikan biyar, mu huɗu muka sani. Sun cire ɗaya ba gardama, abin da ya sa na ƙara zargin sauran.

Ga masu tambayata ko su je: in ruwa ya zubo miki kafin wata tara, ki je, can ko wani wurin da ke da likitan mata da ɗakin jarirai, a daren, ko babu ciwo, kuma kada ki bari kowa ya sa hannu a hanya. In can ɗin za ki, ki tafi da tsabar kuɗi, da bokitinki, da ma'aunin zafinki, da mutum mai ido wanda zai kwana a farke, ki kuma tambayi ranakun aikin Mama. Don babbar likita da Mama zan sake komawa. In aka ce mini sun bar wurin, ko katin awo ba zan yanka ba.

Hajiya har gobe keke take zargi. Ranar da aka sallamo mu na tarar ta sa an ɗauke shi an kai ɗakinta an rufe da tabarma, sai bayan arba'in na karɓo abina, shi ma da roƙo. Ɗinkin mutane kala 23 wata ƙawata ta raba da yaranta suka ƙarasa 15, sauran takwas masu su suka yi Sallah da tsofaffin kaya, biyu ba su sake kawo mini ɗinki ba. Da muka koma awon yarinyar tana wata uku, kilo 4.6, na bar ta a hannun babanta na sauka ƙasa na leƙa banɗakin. Shuɗin bokitin na nan, an dai sake masa mariƙi da waya.